Ƙanwata ta samu 802, littafi ya ce 890: ina sauran 88 suka shiga?

Hajara_Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu kemistiri ku agaza. Ƙanwata tana aji uku a sakandare nan Kumasi, jarrabawar WASSCE ta ƙarato. Jiya bayan isha ta zauna da tambayar ƙonewar miten, CH4 + 2O2 → CO2 + 2H2O, an ce ta fitar da canjin entalfi, wato zafin da ya fita ko ya shiga, ta hanyar ƙarfin ɗauri, wato ƙarfin haɗin da ke tsakanin atom da atom. Lambobin da aka ba ta su ne C–H 413, O=O 498, C=O 799, O–H 463, duk kJ (ma'aunin makamashi) a kowane mol (ma'aunin yawan sinadari). Ta yi, 802 ya fito. Ta duba jadawalin zafin ƙonewa a bayan littafi, 890 aka rubuta. Sau uku tana sakewa, 802 dai. Har da hawayenta, don gani take idan wannan ya gagare ta to babin gaba ɗaya ya wuce ta. Da na zo taimakawa kuma sai muka hau gardama. Ni a sanina idan ɗauri ya tsinke ne makamashi yake fitowa, haka aka koya mana a bayoloji, ita kuwa ta ce malaminsu ya ce akasin haka ne. To wa ya kuskure, ita ko littafin? Ni ko malamin?

Abdul_Asawase:
Wa alaikumus salam. Ina jin C=O ɗin ne. A nawa littafin 745 ne, ba 799 ba. Ta gwada da shi.

Hajara_Aboabo:
Ta gwada yanzu, 694 ya fito. Ya ƙara nisa ke nan, Abdul.

MalamIdi_Kemis:
Wa alaikumus salam Hajara. Ki ce wa ƙanwarki ta share hawaye, lissafinta daidai ne, littafin ma bai yi ƙarya ba. Mu bi shi a hankali.

Abin da za a tsinka: C–H huɗu, 4 × 413 = 1,652. O=O biyu, 2 × 498 = 996. An haɗa 2,648. Wannan biya ake yi.
Abin da za a ƙulla: C=O biyu a cikin CO2, 2 × 799 = 1,598. O–H huɗu, tunda ruwan biyu ne kuma kowanne yana da biyu, 4 × 463 = 1,852. An haɗa 3,450. Wannan karɓa ake yi.
2,648 − 3,450 = −802 kJ.

Saura 890. Ƙarfin ɗauri ana auna shi ne a kan abin da yake iska, kowane molekul yana yawonsa shi kaɗai. Ke nan 802 ya ɗauka ruwan da ya fito tururi ne. Jadawalin bayan littafi kuwa ya ɗauka an bar tururin ya huce har ya koma ruwa a digiri 25. Mol ɗaya na tururi idan ya koma ruwa yana sakin kJ 44, a nan kuma mol biyu ne. Ga 88 ɗinki nan. Ta koma ta duba, za ta ga ɗan ƙaramin harafi a baka bayan H2O, ko g (tururi) ko l (ruwa). Wannan harafin da yara suke tsallakewa shi ne dukkan rigimar.

Abdul, 745 ɗinka ba kuskuren bugu ba ne, na C=O ne da ke cikin irin su asiton. Na cikin CO2 ya fi shi ƙarfi, shi ya sa aka ware masa lambarsa.

Abdul_Asawase:
Na gode Malam. Wallahi shekara biyu ina amfani da 745 a ko'ina.

Hajara_Aboabo:
Allah Ya saka da alheri Malam. Ta duba, l ne a jadawalin! Amma tambayata ta biyu tana nan. Ka ce tsinkawa biya ake yi. To me ya sa aka ce mana ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashi a jiki, idan ɗaurinsa ya tsinke jiki yake samun ƙarfi?

Rabi_KNUST:
Yaya Hajara, wannan jimlar ta ɓatar da mu da yawa, ni ma sai da na shiga jami'a na rabu da ita. Babu ɗaurin da yake ba da makamashi don ya tsinke. Ko ɗaya. Da tsinkewa tana biya, da atom ba su zauna tare ba tun farko. Ɗauki maganaɗisu biyu da suka manne, ke ce za ki sa ƙarfi ki raba su. Idan kika sake su kuma da kansu za su koma su haɗe da ƙara. A ATP, ɗaurin fosfet na ƙarshe sai an biya kafin ya tsinke, sai dai kuɗinsa kaɗan ne. Daga nan ruwa ya shigo, a ƙulla sabbin ɗauri, gutsattsarin kuma ruwa ya kewaye su su samu natsuwa fiye da da. Abin da aka karɓa ya fi abin da aka biya da kusan kJ 30 a mol. Littattafan bayoloji sun taƙaita labarin ne, suka ambaci tsinkewar suka bar ƙullawar.

Ɗan_Kejetia:
Kamar kasuwa ke nan. Ka sari kaya 2,648, ka sayar 3,450, riba 802. To amma me ya sa riba take ɗaukar alamar cirewa? Nan ne kaina yake kullewa.

Rabi_KNUST:
Domin littafin lissafin na sinadaran ne, ba naka ba. Su ne suka yi asarar 802, kai da tukunyarka kuka samu. Alamar cirewa tana nufin zafi ya bar su ya fita waje. Idan alamar tarawa ce, su ne suka sha zafi daga wurinka, abin sai ya yi sanyi a hannu.

Hajiya_MaiWaakye:
Ni ban yi wannan karatun ba, ɗana ne ya sa ni a zauren nan. Amma Malam Idi, maganar ruwan nan ta tsaya min a rai. Da asuba idan na ɗora babbar tukunya da ruwan sanyi a kan gas, sai in ga gindinta yana gumi, har ya ɗiga a kan murhu, bayan ɗan lokaci ya bushe. A kan gawayi ban taɓa ganin haka ba. Na daɗe ina zargin inda nake cika silinda suna zuba ruwa a ciki don ya yi nauyi, har na canza wuri, can ma haka. Wannan ruwan shi ne wanda kuke faɗa?

MalamIdi_Kemis:
Hajiya, shi ne, kuma kin ga abin da yarana suke haddacewa ba su taɓa lura da shi ba. Ba wanda ya zuba miki ruwa, wutar ce ta haife shi. Gas ɗin girki furofen ne da buten, kabon da haidurojin. Haidurojin ɗin idan ya ƙone ruwa yake zama, ya tashi a tururi, ya taɓa gindin tukunya mai sanyi ya koma ɗigo. Tukunyar na yin zafi sai ya daina tsayawa. Gawayi kuwa kusan kabon ne zalla, haidurojin ɗinsa ya tafi tun wurin masu ƙona itacen, shi ya sa ba ya gumi.

Hajiya_MaiWaakye:
Allahu Akbar. Ashe na ɗauki alhakin mutane. Allah Ya yafe min.

Usman_Tafo:
Malam, da girmamawa, ina da ja a wuri ɗaya. Yadda 802 da 88 suka ba da 890 cif zai sa yarinyar ta ɗauka hanyar ƙarfin ɗauri kullum tana faɗawa daidai. Akwai sa'a a ciki. Wani jadawalin yana ba da C=O 805 da O–H 464, da su kuma −818 za ka samu. Ga buten ɗin Hajiya ma, da lambobin Hajara da C–C 347:
C4H10 + 6½O2 → 4CO2 + 5H2O
Tsinkawa: C–C uku 1,041, C–H goma 4,130, O=O shida da rabi 3,237. Jimla 8,408.
Ƙullawa: C=O takwas 6,392, O–H goma 4,630. Jimla 11,022.
Ya ba da −2,614. A ƙara ruwa biyar, 5 × 44 = 220, ya zama −2,834. Wanda aka auna kuwa kusan −2,877 ne. Arba'in da uku sun ɓace, kuma wannan karon ba tururi ne ya ɗauke su ba.

MalamIdi_Kemis:
Ban ƙi ba Usman, gaskiyarka. Na tsaya ne a kan tambayar da aka yi. Lambobin nan matsakaita ne. C–H na miten da na buten da na sukari ba ƙarfinsu ɗaya ba, an tattara su ne aka raba. Ko a cikin ruwa ɗaya, O–H na farko yana cin kusan 499 kafin ya tsinke, na biyu kusan 428, tsakiyarsu ne 463 ɗin nan. Amma ban yarda sa'a ce kawai ba. A miten duk abubuwan huɗu ƙanana ne, kuma lambar O=O da ta CO2 da ta ruwa daga su kansu aka samo su, don haka dole ya matso kusa.

Usman_Tafo:
To ai shi ya sa ni na fi son hanyar entalfin samuwa, wato zafin da ake samu ko ake sha wurin gina sinadari daga tushensa, ita ba ta da kame-kame. CO2 −393.5, ruwa −285.8, miten −74.8, oksijin sifili. Na dama a cire na hagu: −393.5 + 2(−285.8) − (−74.8) = −890.3. Idan ka sa tururi, −241.8, sai −802.3 ya fito. Da ni ne mai tsara manhaja da ita zan fara koyarwa.

Zainab_Alabar:
Ku tsaya don Allah, kun sake rikita ni. Malam ya yi hagu a cire dama, Usman ya yi dama a cire hagu. A bara wannan ne ya ci min maki, na juya su.

Rabi_KNUST:
Zainab, kar ki haddace hagu da dama, nan ne ramin. Tambayi kanki me lambar take nufi. Ƙarfin ɗauri kuɗin rushewa ne, to wa ake rushewa? Kayan hagu. Sai ki biya nasu, ki karɓi na dama. Entalfin samuwa kuwa labarin ginawa ne daga tushe, wa ake ginawa? Kayan dama. Sai nasu ya zo yadda yake, na hagu a juya masa alama tunda warware shi ake yi. Dukkansu dokar Hess ce. Germain Hess ya fitar da ita a 1840 a Rasha: in dai mafari ɗaya ne kuma masauki ɗaya, jimlar zafin ɗaya ce ko ta wace hanya aka bi. Daga Aboabo zuwa saman tudu, ko ki miƙe ko ki zagaya, tsayin da kika hau bai canza ba.

Zainab_Alabar:
Wa ake rushewa, wa ake ginawa. Na rubuta a bangon littafina. Na gode Yaya Rabi.

Oga_Walda_Magazin:
Salamu alaikum. Ni a Suame Magazine nake, shekara goma sha tara ina walda. Ina karanta ku tun safe. Ga tawa tambayar. Kun ce buten 2,877. Yaron shagona da ya yi sakandare ya ce gas ɗin kabayid 1,300 ne kawai. To me ya sa da na kabayid nake narka ƙarfe, na girki kuwa bai kai shi ba? Ko lambar ce ba daidai ba?

Usman_Tafo:
Lambar daidai ce Oga. Yawan zafi daban, tsananinsa daban. Asitilin, wato gas ɗin kabayid, C2H2 ne. Idan ya ƙone hayaƙinsa mol uku ne kacal, CO2 biyu da tururi ɗaya, su za su raba kusan 1,256. Kowanne ya tashi da wajen 419. Buten hayaƙinsa mol tara ne suke raba 2,657, kowanne wajen 295. Tuwo kaɗan a gidan mutum uku ya fi tuwo mai yawa a gidan mutum tara ƙosarwa. Sannan kai da silindar oksijin zalla kake hurawa. Murhun girki da iskar gari yake aiki, wadda kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, ba ya ƙonewa, sai dai ya kwashi zafi ya tafi da shi. Shi ya sa harshen wutarka yake haura digiri 3,000.

MalamIdi_Kemis:
Ƙari a kan na Usman: entalfin samuwar asitilin alamar tarawa gare shi, kusan +227. Wato tun wurin yin sa an ɗura masa makamashi, a ɗane yake kamar tarko. Shi ya sa ba a matsa shi a silinda haka kawai, sai an narkar da shi a asiton. Oga, tankin da kuke zuba kabayid da ruwa, ka san yadda yake ɗaukar zafi.

Oga_Walda_Magazin:
Na sani sarai Malam. Ina da tabo a hannun hagu tun ina yaron shago, na cika kabayid na rage ruwa. Yanzu duk yaron da ya zo wurina, kafin ya taɓa tocila sai ya koyi tankin nan tukuna. Amma ban taɓa sanin dalilin a lissafe ba sai yau.

Baba_SabonZango:
Ku yara kuna ta lambobi. Mu da muka tashi babu firij, randa ce a ƙofar ɗaki, ruwanta ya fi na famfo sanyi ko a watan zafi. Wannan 44 da Malam yake faɗa, ba ita ce take aiki a randa ba?

Rabi_KNUST:
Ita ce Baba, sai dai a juye. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ya bushe, kowane gram 18 da ya tashi ya tafi da kJ 44 daga ruwan da ya rage. Gumin jikinmu ma haka yake sanyaya mu. Kuma a lura, a nan O–H bai tsinke ba, ruwa yana nan ruwa. Abin da aka raba shi ne ɗan riƙon da ke tsakanin molekul da maƙwabcinsa, shi ya sa 44 ne kawai, ba 463 sau biyu ba.

Abdul_Asawase:
Tunda an zo nan, gishiri fa? Na nemi ƙarfin ɗaurin Na–Cl a jadawalin ban gani ba.

MalamIdi_Kemis:
Ba za ka gan shi a wannan jadawalin ba. Jadawalin na ɗaurin tarayya ne, inda atom biyu suke raba ilektiron a tsakaninsu. A gishiri sodiyam ya ba da nasa gaba ɗaya, kulorin ya karɓe, kowane ɗaya yana kewaye da shida na kishiyarsa, haka har ƙarshen ƙwayar. Babu biyun da za ka nuna ka ce ga ɗaurinsu. Sai dai a auna kuɗin wargaza ginin duka, kusan kJ 787 a mol, shi ya sa sai digiri 801 yake narkewa. Wannan wani babin ne, mu bar shi zuwa wani zama.

Hajiya_MaiWaakye:
Ku yi haƙuri na dawo. A lissafin nan naku, gas da gawayi wanne ya fi? Kullum muna wannan gardamar da maƙwabciyata mai koko.

Usman_Tafo:
A nauyi ɗaya gas ya fi, Hajiya. Buten 2,877 a gram 58, kusan kJ 50 ke nan a kowane gram. Kabon zalla 393.5 a gram 12, kusan 33, gawayin kasuwa kuma bai kai haka ba saboda toka da danshi. Amma wanda ya fi araha, wannan sai an sa farashin buhu da na silinda a sidi, ke kika fi mu sani.

Nas_Fati:
Tunda an ambaci gawayi ba zan yi shiru ba. Idan iska ta yi masa kaɗan ba ya kaiwa CO2, a CO yake tsayawa, wato iskar guba ta kabon monoksayid, kuma CO ba shi da wari ba shi da launi. Lokacin hunturu mutane suna shigar da kurfoti ɗaki su rufe ƙofa da taga. Na karɓi uwa da 'ya'yanta biyu a wurin aiki a kan haka, Allah Ya sa maƙwabta sun fasa ƙofa da wuri. Don girman Allah kar a kwana da gawayi a ɗaki.

MalamIdi_Kemis:
Allah Ya saka, Fati. Kuma misalin da nake fara koyar da dokar Hess da shi ke nan. Kabon zuwa CO yana da wuyar aunawa kai tsaye, don wani sashe kullum sai ya zarce CO2. Amma kabon zuwa CO2 an auna, −393.5, CO zuwa CO2 ma an auna, −283. Ka cire, −110.5 ya rage. Ke nan gawayin da ya tsaya a CO bai ba da ko sulusin zafinsa ba, ga guba a kai.

Hajara_Aboabo:
Wannan ƙanwar tawa ce ta karɓi wayar: Assalamu alaikum Malam, na gode ƙwarai. Na gwada wasu biyu da kaina. H2 + Cl2 → 2HCl, 436 + 242 − 2(431) = −184. Da N2 + 3H2 → 2NH3, 945 + 3(436) − 6(391) = −93, littafi ya ce −92. Duka sun zo kusa tunda babu ruwa a ciki. Tambayata, idan a jarrabawa aka ba ni miten, 802 zan rubuta ko 890?

MalamIdi_Kemis:
Madalla 'yata, duka biyun daidai. Ki yi aiki da lambobin da takarda ta ba ki, ko sun saɓa wa na littafinki. Idan ƙarfin ɗauri kawai aka bayar, −802 kJ a mol, da alamarsa da ma'auninsa. Idan an ƙara miki zafin tururin ruwa kuma aka rubuta l, to ana so ki kai 890. Kuma ki zana kowane molekul kafin ki ƙirga, yawancin makin da ke zubewa a wurin ƙirga ɗauri ne.

Ɗan_Kejetia:
Jarrabawa daban. Ni ina tambayar gaskiyar abin: idan na ƙona miten ɗin, nawa zan samu a hannu? Ai ba zai zama biyu ba.

Usman_Tafo:
890 ne na gaskiya, shi ne abin da na'urar aunawa take bayarwa idan komai ya huce.

Rabi_KNUST:
A na'ura ke nan, Yaya Usman. A murhu tururin ta taga yake fita da 88 ɗinsa, tukunya ba ta ganin su sai a 'yan mintocin nan da Hajiya ta ga gumi. Injinan wutar lantarki na Aboadze da suke ƙona gas ma hayaƙinsu da zafi yake fita, shi ya sa injiniyoyi suke da lamba biyu ga kowane mai, ta sama da ta ƙasa. Ga mai girki 802 ne rufin.

Zainab_Alabar:
Ko 802 ɗin ma anya? A ajinmu mun ɗora gwangwanin madara da ruwa gram 200 a kan fitilar sifirit. Ruwan ya hau digiri 30, sifirit gram 1.5 ya ƙone. 200 × 4.2 × 30 ya ba da kJ 25.2, muka raba da mol muka samu wajen 770. Littafi kuwa 1,367 ya ce wa etanol, wato sifirit ɗin. Kusan rabi ya bi iska, gindin gwangwanin kuma ya yi baƙi ƙirin.

Usman_Tafo:
Wannan asarar kayan aiki ce Zainab, ba ta shafi entalfin ba. Baƙin nan ma kabon ne da bai ƙone ba. Rabi, har yanzu ina kan bakana, abin da sinadarin ya ƙunsa daban, abin da murhu ya iya kamawa daban.

Rabi_KNUST:
Ai tambayar Ɗan_Kejetia "a hannu" ya ce.

Oga_Walda_Magazin:
Malam Idi, idan yarinyar tana so ta ga harshen wutar da ido, Hajara ta kawo ta shago ranar Asabar kafin azahar, ina da tabarau na ƙari. Zan nuna mata yadda launin yake canzawa idan na rage oksijin. Ita kuma ta lissafa min nawa nake asara idan wutar ta yi ja.